Cin Nama da Haƙƙin Dabba: Nazari Daga Gonakin Noman Rani na Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata tambaya wadda ta daɗe tana kai da komowa tsakanin masana ɗa'a, watau ko ya dace ɗan Adam ya ci naman dabba, ya sha nononta, ya yi takalmi da fatarta, sa'an nan ya sa ta aiki. Akwai jama'a, galibinsu a ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda suka amsa da cewa bai dace ba, suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba. Su suna kiran kansu "bigan". Mu kuwa a nan za mu kira su masu cin tsiro zalla.

Ba halaccin cin nama a Shari'a muke son tattaunawa ba, domin wannan malamai sun gama da shi tun tuni. Abin da ke gabanmu shi ne, idan dabba ta halatta gare mu, to, mene ne haƙƙinta a kanmu? Da yawa daga cikinmu in sun ji batun masu cin tsiro zalla sai su yi dariya, su ce ai ƙoshi ne ya yi wa Bature yawa. Amma dariya ba ta rushe hujja. Saboda haka za mu kawo hujjojinsu yadda suke, sa'an nan mu auna su a gonakin noman rani na Kura da Bunkure. Mun zaɓi wannan yanki ne domin nan ne ake noma hatsi da kayan lambu rani da damina, in da akwai inda mutum zai rayu a kan tsiro kaɗai a ƙasar Kano, to, nan ne.

2.0 Asalin Aƙidar da Hujjojinta

Cikin shekara ta 1944 ne wani Baturen Ingila mai suna Donald Watson, tare da wasu abokansa, suka kafa ƙungiyar masu cin tsiro zalla, suka kuma laƙaba mata wannan suna. Amma tunanin ya girme su nesa ba kusa ba. A ƙasar Indiya mabiya addinin Jain sun shekara fiye da dubu biyu suna guje wa kashe kowane mai rai. A duniyar Musulmi ma, mashahurin mawaƙin nan na ƙasar Sham, Abul Ala'i al-Ma'arri, wanda ya rasu cikin 1057, ya bar cin nama da ƙwai da shan nono da zuma, har aka yi musayar wasiƙu da shi ana tuhumarsa a kan haka. Kazalika, a cikin rubuce-rubucen Ikhwanus Safa na birnin Basra, a ƙarni na 10, akwai hikayar da dabbobi suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu saboda zaluncin da yake yi musu.

Hujjojin masu wannan ra'ayi a yau za a iya tattara su gida uku. Ta farko ita ce ta jin zafi. Jeremy Bentham ya nuna tun cikin 1789 cewa abin lura game da dabba shi ne tana wahala, ko da ba ta magana, ba ta kuma da hankali irin namu. A kan wannan ne Peter Singer ya gina littafinsa na 1975, inda ya ce yin watsi da wahalar wata halitta don kawai ba jinsinmu ba ce wani nau'i ne na wariya. Ta biyu ita ce ta haƙƙi. Tom Regan, cikin 1983, ya tafi a kan cewa dabba tana da rayuwa tata ta kanta, don haka ba daidai ba ne a mayar da ita kayan aiki ko da ba a wahalar da ita ba. Ta uku ita ce ta muhalli. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cikin 2013 cewa kiwon dabbobi ke haddasa kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya.

Wajibi ne mu lura da yanayin da waɗannan hujjoji suka yi ƙarfi a cikinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kiwo a Turai ya koma tamkar masana'anta, ana cusa dubban kaji da aladu da maruƙa a ɗakunan da ba su ganin rana tun daga haihuwa har yanka. Littafin da Ruth Harrison ta wallafa cikin 1964 a kan wannan hali shi ya sa gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin Brambell, wanda ya ba da rahotonsa cikin 1965. Watau dai mutanen nan wani abu suka gani da idonsu ya tayar musu da hankali.

3.0 Yankin Kura da Bunkure

An gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ne ruwa ke gangarowa ta babbar magudana, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya bazu cikin ƙananan magudanai zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashi na farko na shirin an tsara shi ne ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita ke kula da shi. Shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa su ne manyan amfanin gonar yankin, kuma duk wanda ya bi hanyar Zariya a lokacin kakar tumatir ya ga yadda motoci ke lodi a Kwanar Gafan zuwa kudancin ƙasar nan.

Kafin zuwan ruwan Tiga, da zarar an kawar da amfanin damina sai gonaki su zama makiyaya. Bafulatani ya sauka da garkensa a gonar manomi, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma manomi ya sallame shi da hatsi. Da noman rani ya kankama sai gona ta daina hutawa, magudanai suka ratsa wuraren da dabbobi suka saba bi, fadamun da ake kiwo a cikinsu da rani suka koma fagen shinkafa. Ke nan tun kafin a yi maganar yanka, faɗaɗa noman tsiro shi kansa ya taɓa rayuwar dabba da ta mai ita.

4.0 Rabon Dabba a Cikin Buhun Shinkafa

4.1 Dabbar da ta yi aiki

Mai cin tsiro zalla yana ɗauka cewa in ya sayi shinkafa da tumatir ya tsame hannunsa daga amfani da dabba. A yankin da muke magana a kai al'amarin ba haka yake ba. Gaskiya ne tarakta da takin zamani sun shigo, amma har yanzu akwai shanun huɗa, akwai amalanken shanu da ke fitar da kaya daga gonakin da mota ba ta iya shiga, akwai kuma jakin da ke kai taki da mangala, kamar yadda aka daɗe ana yi a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Daɗin daɗawa, duk sa'ad da takin zamani ya yi tsada sai manomi ya koma ga takin gida da kashin kaji. Ita kuma dabbar abincinta ragowar gona ne, watau karan shinkafa da na masara da harawa da dusa, abubuwan da ɗan Adam ba ya iya ci. Gona ta ciyar da dabba, dabba ta ciyar da gona, sun zama hanta da jini.

4.2 Dabbar da ta mutu

Akwai kuma dabbobin da ake kashewa domin amfanin gona ya tsira. Babban misali shi ne tsuntsun jan-baki, wanda ke sauka dubbai a gonar shinkafa ko alkama ya cinye ta cikin ɗan lokaci. A jihohi irin su Jigawa da Yobe da Kebbi gwamnati kan yi hayar jirgin sama ya fesa musu guba a wuraren da suke kwana. Ban da su akwai ɓeraye da gafiyoyi da ake sa wa magani, akwai kwaɗi da kifaye da ƙudan zuma da maganin ƙwari ke hallakawa in ya bi ruwa ko ya sauka a kan fure. Har wa yau, tare ruwa da aka yi a Tiga, da kuma madatsar Calawa wadda aka gama cikin 1992, ya rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi ke hayayyafa, shanu kuma ke kiwon rani.

Masu cin tsiro zalla suna da amsa biyu a nan, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko, sun ce akwai bambanci tsakanin kisan ganganci da wanda ya auku ba da nufi ba. Wannan haka ne, sai dai feshin jan-baki da gubar ɓera da nufi ake yin su. Ta biyu, sun ce dabbar da ake kiwo tana cin hatsi mai yawa kafin ta ba da nama kaɗan, don haka mai cin nama ya fi kowa sa a faɗaɗa gona. Wannan hujja ta kama kajin gidan gona da ake ciyarwa da masara da waken soya. Amma ba ta kama akuyar da ke cin harawa da ɓawon wake a bayan ɗaki ba. Ta fuskar muhalli ma, gonar shinkafa da ruwa ke kwanciya a cikinta tana fitar da irin iskar nan mai ɗumama duniya da ke fitowa daga tumbin saniya.

Abin da muke son fitarwa a nan shi ne, barin nama ba ya raba mutum da alhakin dabba. Duk mai cin abinci yana da hannu, sai dai na wani ya fi na wani nauyi.

5.0 Batun Abinci da Batun Fata

Wani abin da ya kamata a tuna shi ne, talakan karkara a ƙasar Hausa ya kusa zama mai cin tsiro zalla ba da zaɓinsa ba. Tuwo da miyar kuka da daddawa, ɗanwake, ƙosai, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, sai kuma awara da ta yaɗu a 'yan shekarun nan, su ne cimarsa. Nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko salla. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Akwai kuma sinadarin bitamin B12 wanda jiki ke bukata domin jini da jijiyoyi, ba a kuwa samunsa yadda ya kamata sai a nama da kifi da ƙwai da nono, ko a ƙwayar magani. Mai cin tsiro zalla a birnin Landan yana sayen wannan ƙwaya a kanti. Uwar da ke goyo a ƙauyen Bunkure ƙwaryar nono da ƙwan zabuwa su ne nata kantin. Ita akuya kuwa ita ce asusun matan karkara, ita ake sayarwa in ciwo ya zo ko za a aurar da 'ya. Wanda zai ce wa irin wannan gida su bar dabba, lalle ne ya fara nuna musu abin da za su riƙe a madadinta.

Haka batun fata yake. Jima da dukanci tsofaffin sana'o'i ne a Kano. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma Heinrich Barth, da ya zo Kano cikin 1851, ya ambaci yawan takalman da ake fitarwa daga birnin. Fatar akuya ko ta saniya ragowar yanka ce, in ba a jeme ta ba sai a ci ta a matsayin ganda ko a yar. Abin da ake kawowa a madadinta galibi roba ce da ake samu daga man fetur, ba ta ruɓewa, kuma mahauta shaida ne a kan irin ledar da suke tararwa cunkushe a tumbin dabbobi. Wannan ba ya wanke masana'antun jima na zamani, waɗanda dagwalon ruwansu mai guba ya daɗe yana gurɓata Kogin Calawa.

Inda hujjar masu cin tsiro zalla ta fi ƙarfi a batun fata shi ne kan jaki. Ana dafa fatarsa a yi wani magani a ƙasar Sin, kuma bukatar ta yi yawa har aka shiga yanka jakuna domin fatar kawai. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna cikin 2016, sa'an nan cikin Fabrairu 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jaki domin fatarsa a nahiyar baki ɗaya. A nan an ga abin da ke faruwa in aka mayar da mai rai haja tsagwaronta: dabbar ta wahala, talakan da ke dogara da ita ya rasa abin sufuri.

6.0 Inda Zargin Ya Same Mu

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan mun nuna raunin aƙidar cin tsiro zalla a yanayinmu, bai kamata mu tsaya nan ba, domin tambayar da suka yi game da wahalar dabba tana nan ba mu amsa ta ba. Ga kaɗan daga abubuwan da kowa ke gani:

(a) Sufuri. Ana loda shanu a manyan motoci daga kasuwanni irin su Wudil zuwa Legas, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,000, an ɗaure ƙaho da ƙaho, sau da yawa ba ruwa ba abinci. Kaji kuwa a rataye su a babur kai a ƙasa.

(b) Mayanka. Ana jan dabba da duka da murɗe wutsiya, a yanka wata a gaban wata. Likitocin dabbobi sun sha rubutu a kan yawan shanu da awaki masu ciki da ake yankawa a mayankun ƙasar nan, abin da yake hasara ce ga garke, kuma rashin tausayi ne.

(c) Dabbobin aiki. Jaki mai gyambo a baya ana ɗora masa kaya, sa yana huɗa da rana tsaka ba hutu, in ya tsufa ko ya yi rauni a rage masa abinci.

(d) Kiwon zamani. Kejin kajin ƙwai, irin wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da tsohon samfurinsa tun 2012, shi ne muke ɗauka alamar ci gaba.

(e) Magungunan gona. Ana fesa su fiye da ƙima, a wanke tankin feshi a magudanar da dabbobi ke sha.

7.0 Ma'aunin da Muke da Shi a Gida

Ba sai mun yi aron ma'auni daga waje ba kafin mu gane cewa waɗannan abubuwa kuskure ne. Hadisai ingantattu sun ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankawa. Ya hana yi wa dabba lalas a fuska, ya hana a mayar da mai rai abin gwajin harbi, ya kuma tsawata wa mai raƙumin da ke barinsa da yunwa yana gajiyar da shi. Malam Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Masar cikin 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Daga ciki akwai ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a amfana da ita, da kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa, da kada a yanka 'ya'yanta tana kallo. Ta fuskar dokar ƙasa ma, Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa cikin 1960, ta tanadi hukunci ga mai azabtar da dabba.

Bambancin wannan ma'auni da na Regan a fili yake. Shi yana ganin mallakar dabba ita kanta ce laifin. Namu kuwa ya yarda da mallaka, amma ya ɗauke ta amana wadda za a tambayi mutum a kanta. Izinin yanka bai zama izinin azabtarwa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: wanda ya sha nono, ya ci nama, ya yi huɗa da sa, ya karɓi lada, saura aikin.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa a Kura da Bunkure noma da kiwo a sarƙe suke, har babu buhun shinkafar da dabba ba ta da rabo a cikinsa, ko ta wajen aikinta ko ta wajen ranta. Mun ga kuma cewa yaran karkara ƙarin nono da ƙwai suke bukata. Don haka ba mu ga dalilin kiran jama'armu su bar nama ba. Wanda ya zaɓi ya bari don tausayi, ba tare da ya haramta abin da Allah ya halatta ba, bai cancanci ba'a ba. Amma wahalar dabba da masu wannan ra'ayi suka nuna gaskiya ce, kuma addininmu ya riga su faɗa. Bisa ga haka muke ba da waɗannan shawarwari:

Na ɗaya, kwalejojin ilmi su shigar da haƙƙin dabba cikin darussan aikin gona da na addini da na zaman jama'a, domin malamin firamare shi ne farkon wanda zai hana yaro jifan jaki ko wasa da ɗan tsako.

Na biyu, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tare da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ardo-ardo da masu unguwanni, su keɓe burtali da mashaya a cikin shirin, a kuma tsara yadda makiyayi zai sami ragowar gona bayan girbi ba tare da rikici ba.

Na uku, ƙananan hukumomi da sarakunan pawa su tabbatar ana duba dabba kafin yanka domin a ware masu ciki, a kuma raba wurin jira da wurin yanka.

Na huɗu, Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 2024, ta sa ƙa'ida a kan yawan dabbobin da mota za ta ɗauka, da zangon da za a tsaya a shayar da su.

Na biyar, malaman gona su koya wa manoma ƙimar maganin feshi da inda ya kamata a wanke kayansa, limamai kuma su riƙa tuna wa jama'a ladubban yanka, musamman in Babbar Salla ta gabato.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar mu canja abincinmu ko al'adarmu. Abin da suke bukata shi ne mu aikata abin da muka riga muka karanta tun muna makarantar allo da zaure. Muna fata masana fiƙihu da likitocin dabbobi da ke wannan taro za su ɗora daga inda muka tsaya.